Wata Huɗu na Ruwa, Wata Takwas na Rani: Yadda Ake Zaman Ƙasar Masama

A ƙasar Gwandu ba sai ka duba kalanda ba kafin ka san inda shekara ta kai. Tsaya bakin masallaci bayan sallar asuba ka saurari gaisuwar dattawa. Idan ka ji ana cewa "Ina sanyi?" ana amsawa "Lokacinai na," to buda ta sauka. Idan ta koma "Ina zahi?" bazara ta kama. Ranar da ka ji "Ina ruwa?" aka amsa "Ruwa sun yi gyara," ko ba ka leƙa daji ba ka san garin ya watse gona. Mutanen da suka sa yanayi cikin gaisuwarsu ta kullum, yanayin ne ke riƙe da tukunyarsu.

Baƙon da ya taso daga Legas ko Fatakwal ya sauka Masama ta ƙasar Gwandu a watan Maris, abin da zai fara faɗa shi ne ya shigo hamada. Ba za ka ga laifinsa ba. Gonaki sun zama fili fetal, ko kara an kwashe, awaki na bin inuwar katanga, duwatsu sun yi jawur cikin hazo. Mu kanmu mun saba jin "kwararowar hamada" a rediyo, har wasu na ɗauka wani tudun rairayi ne ya taso daga Agadas yana tafe taku-taku, ranar da ya iso sai a tattara komatsai a yi kudu. Wannan fahimtar nake so mu sake dubawa, domin wanda ya ɓata sunan ciwo, maganin da zai sayo ma ba zai dace ba.

Yankin Birnin Kebbi da Kalgo da Gwandu yana samun ruwan sama kimanin milimita 700 zuwa 800 a shekarar da ta zo daidai. Agadas, wadda ke bakin hamada ta gaskiya, ba ta cika wuce milimita 150 ba. Birnin Landan na Ingila, da ake yi wa kallon garin ruwa, abin da yake samu bai fi milimita 600 da 'yan kai ba. Ke nan ta fuskar yawa, Masama ta fi Landan ruwan sama. Bambancin yana wajen rabo. Na Landan yayyafi ne da ya bazu cikin wata goma sha biyu, ƙarƙashin rana marar ƙarfi. Namu yana zuba ne tsakanin Yuni da Satumba, mafi yawansa a Yuli da Agusta, sau da yawa kamar da bakin ƙwarya cikin sa'a ɗaya ko biyu. Daga nan sama ta ɗauke, ta bar mu da ranar da ke iya ƙafar da fiye da ninki biyu na abin da ya zubo. Duk dabarar zaman wannan ƙasa a nan take: yadda za a riƙe ruwan wata huɗu, da abin da ya haifar, har ya fitar da mutum da dabbarsa ƙarshen wata takwas.

Ƙasar da kanta ta kasu yadda za ta taimaka. Akwai duwatsun nan masu shimfiɗaɗɗen kai, waɗanda marmara ta rufe samansu, ba abin da ke fita a kansu sai geza da ƙaya. A gindinsu jigawa ce, ƙasa mai rairayi, sauƙin noma, gidan gero da wake. Can ƙasa kuma, inda ruwa ke gangarawa ya kwanta, akwai laka da fadama. Babbar fadamar ita ce ta Gulbin Kabi, wanda ya ratso ta Argungu da Birnin Kebbi ya wuce ta gefen Kalgo ya nufi Bunza har ya faɗa Kwara, amma ƙananan kwaruruka na nan birjik tsakanin tuddai. Gidan da ke da gona a tudu da ɗan yanki a fadama, shi ne gidan da ya tsaya da ƙafa biyu. Garin Gwandu kansa a cikin irin wannan kwari yake. Nan jama'ar Shehu Usmanu ta sauka a 1805, nan kuma Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya yi mazauninsa. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya yi yawon ƙasar Hausa da sunan Abdulkarim, ya zo Gwandu a 1853 zamanin Sarki Halilu, daga cikin abin da ya rubuta har da albasar garin da ayabarsa. Ayaba ba ta fita a hamada. Albasar kuwa, bayan fiye da shekara 170, ita ce har yau ke kawo manyan motoci Gwandu da Aliero.

Akwai kuma ruwan da ido ba ya gani. Masana duwatsu sun raɗa wa wani kauri na rairayi da yumɓu da ke shimfiɗe ƙarƙashin wannan yanki sunan Gwandu, kuma shi ne ɗaya daga cikin manyan ma'ajiyar ruwa a duk kwarin Sakkwato, ya zarce har cikin Nijar. Binciken da masanan Amurka da na Nijeriya suka yi a shekarun 1960, aka buga shi a 1973, ya nuna cewa a wasu wurare na kwarin Rima idan aka huda ƙasa aka kai gare shi, ruwan da kansa yake bulbulowa sama ba tare da inji ba. Sai dai wannan ma'ajiya ba daga wani wuri take cika ba. Ruwan saman da ya samu damar nutsewa cikin ƙasa, shi ne ajiyar. Wanda ya gudu ta kwazazzabo ya tafi ke nan.

Bazara ce lokacin da ake gane wanda ya yi tanadi. Daga tsakiyar Maris zuwa Mayu ma'aunin zafi yakan haura digiri 40 kusan kullum da rana, dare ma ba ya huce wa mutum. A bakin rijiya ake ganin tsananinta. Tun kafin gari ya waye mata da yara sun jera tuluna da jarkoki. Igiyar da ta isa a watan Disamba yanzu an ƙulla mata ƙari sau biyu. Guga ya sauka, ka ji ya bugi ƙasa maimakon ya yi tsulum, ya taso da rabin ruwa, jajir da laka. Sai a koma gefe a zauna a jira rijiya ta tara. A gida an kafa randa cikin jiƙaƙƙen rairayi a kusurwar da rana ba ta kai, kuma kofin ruwan randar nan da tsakar rana, ko ƙwaryar hura da nono, ba abin da ya kai su. Aiki yakan koma sassafe da la'asar sakaliya, tsakiyar rana ta inuwar dogon yaro ce. Waɗanda suka yi azumin 2024 ba za su manta ba, ya faɗo a Maris da Afrilu, kuma a ranar 3 ga Afrilun ne garin Kayes na ƙasar Mali ya kai digiri 48.5.

A nan ina da magana kan gini. Ɗakin ƙasa mai kaurin bango da rufin azara yana shanye zafin rana, ya riƙe sanyin asuba har azahar. Ɗakin bulo mai rufin kwano, marar silin, da 'yar taga ɗaya, tanderu ne. Mun karɓi kwano saboda yaɓe duk shekara wahala ce, wannan gaskiya ne, amma mun karɓe shi ba tare da mun ƙara tsawon bango ko faɗin taga ba, kuma tsofaffi da jarirai ne ke biyan kuɗin. Ga kuma sanƙarau, wanda ƙura da bushewar iska ke buɗe wa ƙofa ta hanyar raunana hanci da maƙogwaro, cunkoson ɗaki kuma ya yaɗa shi. A watan Maris na 2025 ya kashe fiye da mutum ashirin a Gwandu da Jega da Aliero. Nijeriya ce ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabuwar allurar da ke kare nau'i biyar na cutar, a 2024. Duk uban da aka zo rigakafi ƙofar gidansa ya hana, ya tuna da wannan Maris ɗin.

Sai iska ta juya. Wadda ta yi wata da watanni tana busowa daga arewa maso gabas ta ja baya, ta kudu maso yamma mai ɗauke da laimar teku ta shigo, gumi ya fara tsattsafowa. Hadarin kansa kuwa ta gabas yake haɗowa. Da farko jan bango ne na ƙura, kaji su ruga, mata su kwashe shanya, kwanon da ba a danne ba ya tashi. Bayansa sai ruwa, da ƙamshin ƙasar nan da duk wanda ya tashi a ƙauye yake ganewa ko yana barci. Da asuba za ka ga magidanci ya tsuguna a gonarsa ya tona da hannu yana duba inda laima ta tsaya. Idan ta wuce tsawon tafin hannu, sai a ɗauko sungumi: namiji na gaba yana sara, yara na biye suna jefa iri suna rufewa da diddige. Wasu ba sa ma jira, sukan yi binne tun ƙasa tana bushe, su bar wa Allah. Idan ruwa ya zo da ƙarfi sun riga kowa, idan yayyafi ne kawai irin ya tsiro ya ƙone. Abin da manomi ya fi tsoro shi ne ruwa ya sauka a yi shuka, sannan sama ta ɗauke mako biyu ko uku. A irin wannan shekara ake shuka sau biyu, sau uku, ana fita sallar roƙon ruwa, irin da aka ɓoye yana ƙarewa.

Malamanmu na da lissafinsu na taurari ashirin da takwas, kusan kowanne kwana goma sha uku, bakwai daga ciki na damina: Haƙ'a, Han'a, Zira'a, Nasara, Ɗarfa, Jabha da Harsan. Da shi tsofaffi ke sanin ko shuka ta makara. Hukumar kula da yanayi ta NiMet ma tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, da ranar da ake sa ran saukar ruwa da ɗaukewarsa a kowace ƙaramar hukuma. Amfaninsa yana ga ya isa kunnen mai sungumi da Hausa, kafin iri ya shiga rami.

Abin da bai sani ba game da damina, manomi yakan rufe shi da haɗa amfani a gona ɗaya. Gero yana nuna cikin kwana casa'in ko ƙasa da haka, dawa da maiwa suna jan lokaci, wake na shimfiɗe a ƙasa yana rufe ta yana ƙara mata ƙarfi. Ruwa ya ɗauke da wuri, gero ya fita. Ya daɗe, dawa ta rama. Amma Agusta, watan da daji ya fi kyau, shi ne watan da rumbu ya fi zama fanko. Hatsi ya yi tsada, zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da yara, tafasa da rama da zogale su ne ke cika ƙwarya, har ranar da za a gasa tumun farko. Kaka ta zo da dami da biyan bashi da bukukuwan aure. Daga Nuwamba buda ta sauka, leɓe ya tsage, kaushi ya kama ƙafa, a kwana da wuta a ɗaki. Yawancin farar ƙurar budar nan daga kwarin Bodele take a arewacin Chadi, busasshen gindin wani tsohon tafki.

To, me mutum zai yi da sauran watannin? Amsa ta farko tsohuwa ce: cin rani. Kamar yadda wani masanin Birtaniya, Mansell Prothero, ya rubuta, a ranin 1952 zuwa 1953 an ƙirga masu fita ta hanyoyin Lardin Sakkwato, wanda Gwandu ke cikinsa a lokacin, aka samu fiye da mutum dubu 250, mafi yawansu sun nufi Kurmi da ƙasar da ake kira Gana a yau. Jikokinsu ne ke Legas da Ibadan da Abuja suna dako, ga-ruwa, gadi da acaɓa. Cin rani dabara ce mai fuska biyu, ka rage baki ɗaya a kan rumbu, ka dawo da kuɗin taki. Amsa ta biyu ita ce noman rani. Kakanni da jigo suka yi shi, guga-guga. Shirin Fadama na Bankin Duniya ya yaɗa ƙananan rijiyoyin burtsatse da injin ban ruwa a shekarun 1990, kuma a Birnin Kebbi aka ƙaddamar da shirin ba manoman shinkafa rance a Nuwamban 2015. Albasa, tattasai, tumatir, shinkafa da alkama suka riƙe matasa da yawa a gida. Albasar ana jera ta a rudu, a kan gadon kara ƙarƙashin rufin ciyawa, ana juyawa ana tsince ruɓaɓɓu, ana jiran farashi ya tashi. Cire tallafin man fetur a Mayun 2023 ya bugi wannan sana'a a ƙirji, domin inji da fetur yake sha. Shi ya sa famfo mai aiki da hasken rana ya zama abin da kowane mai lambu ke mafarki, kuma a ƙasar da rana ta yi yawa haka, ban ga inda kuɗin gwamnati zai fi amfani ba.

Fari ba baƙo ba ne. An yi yunwar Kakalaba a 1913 zuwa 1914, an yi farin 1972 zuwa 1973, an yi na 1983 zuwa 1984. Daga shekarun 1990 ruwa ya ɗan dawo, amma ya dawo da wani hali. Wani bincike da aka buga a 2017 ya nuna cewa manyan hadura masu tsananin ƙarfi a yankin Sahel sun ninka sau uku tun daga 1982. Mun gani da idonmu: ambaliyar 2010 a kwarin Rima, da ta 2020 wadda ta shanye ɗaruruwan dubban hekta na shinkafa a Kebbi ana dab da girbi. Ƙasa ɗaya, shekara ɗaya, ana kukan ambaliya a Satumba, ana kukan rijiya a Afrilu.

Abin da ya fi sauyawa, a ganina, a ƙasa yake. Ƙidayar 1991 ta ba jihar Kebbi mutum miliyan 2 da 'yan kai, ta 2006 ta ba ta fiye da miliyan 3. Gonar da uba ya noma shi kaɗai an raba ta ga 'ya'ya biyar, saura ta ƙare, babu gonar da ke hutawa. Karan da a da ake bari shanun Fulani su ci su bar taki, yanzu ana kwashe shi tas, a yi danni, a yi girki, a sayar. Itace ya tafi murhu da buhun gawayi. Ƙasar da aka bari tsirara wata takwas, iska ta kwashe lallausan samanta, ruwan farko ya daddaɓe abin da ya rage ya zama ɓawo mai tauri kamar daɓe. Shi ne fako. Zuba masa bokitin ruwa ka tsaya ka gani: ba ya nutsewa, gangarawa yake. Daga tabo ɗaya a tsakiyar gona yake farawa, bana faɗin tabarma, baɗi faɗin tsakar gida, tumfafiya da ƙuduji na biye da shi. Hamadar da ta kamata mu ji tsoro ke nan, kuma a cikin gonakinmu take tsirowa.

Maganinta ma an gwada shi kusa da mu, a wurin Hausawa 'yan'uwanmu da ruwansu bai kai namu ba. A yankin Maraɗi, daga 1983, wani ma'aikacin gona ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa 'yan kututturan da ake sassabewa duk shekara saiwarsu na nan da rai a ƙasa. Sai aka fara roƙon manoma, maimakon su share tas, su zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi su bari, su datse sauran. Ba dashe, ba ban ruwa, ba sayen komai. An ƙiyasta cewa ta wannan hanya itatuwa kusan miliyan 200 suka dawo a kan hekta miliyan 5 a kudancin Nijar, musamman Maraɗi da Damagaram. Abin da ya sa ta karɓu shi ne manomi ya tabbata itacen da ya raina nasa ne, zai sari reshensa ba tare da tsoron tara ba. A Illela ta jihar Tawa kuma, daga ƙarshen shekarun 1980, manoma sun koyi haƙa tassa daga takwarorinsu na Burkina Faso: ƙananan ramuka a kan fako, a zuba taki a ciki tun da rani, ruwa ya taru, gara ta huda ƙasa, gero ya fito. Har ta kai ana sayen fakon da a da ko kyauta ba a karɓa.

Tarayyar Afirka ta amince da shirin Babbar Ganuwar Itatuwa a 2007, Kebbi na cikin jihohi 11 da ya shafa a Nijeriya, kuma a 2021 Bankin Duniya ya ware dala miliyan 700 don gyaran ƙasa da ruwa a jihohin arewa. Kuɗi ne masu yawa, niyyar kuma mai kyau ce. Dogon yaron da muke fakewa a inuwarsa ma dasa shi aka yi. Amma kowa ya sha ganin dashen da aka yi a Agusta ya zama tsinke a Maris, saboda ba mai shi, ba mai ba shi ruwa, ba mai kare shi daga akuya. Sabara da kalgo da suka tsiro da kansu sun riga sun kai saiwa inda laima take. Gawo kuwa ya fi su duka: yana zubar da ganye da damina, don haka ba ya rufe wa gero rana, ganyen ya zama taki, da rani ya yi inuwa ya zubo wa dabbobi 'ya'ya. Duba geron da ke gindin gawo ka gwada da na nesa da shi, ba sai an yi maka bayani ba.

Roƙona ga hakimai da dagatai na ƙasar Gwandu da Kalgo shi ne su faɗa a bainar jama'a, a masallacin Juma'a da ranar kasuwa, cewa itacen da mutum ya raina a gonarsa nasa ne, wanda ya sare masa kuma zai biya. Ga ƙananan hukumomi, su kai wasu manoma Maraɗi da Illela su gani da idonsu, tafiyar ba ta fi yini ɗaya ba. Kai kuma mai gona a Masama, idan ka ɗauki gatari ka fita sassabe a watan Afrilu, ka iske tushen kalgo ko sabara ko ɗan gawo, ka zaɓi reshe uku ka bar su tsaye.